Dokokin da Ɗalibin Lauya Zai Kiyaye

Cikin shawarwarin da malamai da tsofaffin ɗalibai suka bai wa sababbin shiga, halartar aji aka fi nanatawa. Makarantu da yawa ba sa barin mai yawan fashi ya zauna jarrabawa. In ciwo ne ya kwantar da kai, kai takardar likita da wuri.

Satar rubutu kuwa, a ganina, ta fi komai haɗari. Ko jimla ɗaya ka ɗauko daga hukuncin alƙali, rubuta sunan shari'ar da shekararta. Tabon satar rubutu yakan bi mutum har ranar da za a tantance halinsa kafin ya zama lauya.

An kuma ce a duba wa'adin kai koke kan maki tun makon farko na shiga makaranta.