Tambaya: yaya ake gane asibitin da asalinsa gidan aikin matalauta ne a Ingila?

Ɗalibin Zane:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Asibitoci da yawa a Ingila asalinsu gidajen aikin matalauta ne, inda a da ake ajiye wanda ya rasa abin kai wa baki ya yi aiki a ba shi abinci da makwanci. In mutum ya samu taswirar irin wannan asibiti, ta ina zai bambanta ginin asali da abin da aka ƙara don jinya? Kuma me ya sa ake cewa ginin asalin bai dace da majinyata ba?

Maizanen Gini:
Wa alaikumus salam Malam. Ka fara da kallon taswirar daga sama. Bayan dokar matalauta ta 1834, maizanen gini Sampson Kempthorne ya fitar da zanen samfurin irin waɗannan gidaje a 1835, kuma guda biyu ne suka fi yaɗuwa: ɗaya mai siffar alamar tarawa a cikin katanga mai kusurwa huɗu, ɗaya mai siffar harafin Y a cikin katanga mai kusurwa shida. A mahaɗar fukafukan akwai wani gini mai kusurwoyi da yawa, nan shugaban gidan yake zaune, tagoginsa na kallon kowace farfajiya. An yi farfajiyoyin ne don raba maza, mata, yara maza da yara mata, kowa da ƙofarsa da matakalarsa. Saboda haka in ka ga siraran matakala masu yawa a gini ɗaya, waɗanda ba sa haɗuwa da juna, to kana cikin ginin asali.

Daga wajajen 1840 salo ya sauya, aka koma dogon gini mai hanya a tsakiya, ɗakuna dama da hagu. A ganina wannan ne ya fi cutar da majinyaci, domin kowane ɗaki taga a gefe ɗaya kawai yake da ita, iska ba ta ratsawa.

Abin da aka ƙara don jinya ba ya ɓuya. Bayan binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta fara a 1865 kan yanayin jinya a gidajen matalauta da dokar 1867 da ta sa aka ware wuraren jinya daga gidajen matalauta a Landan, sai aka riƙa gina dogayen ɗakuna a jere kamar haƙoran matsefi, da fili a tsakaninsu, hanya ɗaya ta haɗa su ta ƙarshe. Maizanen gini Thomas Worthington ya yi irinsu a Withington da ke Manchester a tsakiyar shekarun 1860, wurin da daga baya ya zama asibitin Withington.

Hajiya Ma'aikaciyar Jinya:
Malam Maizane ya yi bayani, bari in ƙara awo. Tsarin da shahararriyar ma'aikaciyar jinya Florence Nightingale ta yi ta kira a bi shi ne ɗaki mai faɗin ƙafa 30 ko kusa da haka, tsayin rufi kamar ƙafa 16, gadaje 30 ko ƙasa kaɗan a layi biyu, kan kowane gado a jikin bango, kuma kowane majinyaci ya samu iskar da ta kai ƙafa kubik 1,500. Tagogi dogaye ne suna fuskantar juna. Ana buɗe ɓangaren sama iska ta ratsa ta saman kawunan mutane ba tare da sanyi ya bugi gado ba. A ƙarshen ɗakin za ka ga wata 'yar hasumiya a manne: ban-ɗaki da wurin wanke bahon majinyata ke nan, kuma tsakaninta da ɗakin akwai ɗan zaure mai taga biyu don kada wari ya shigo. Ganin hasumiyar nan babbar alama ce cewa don jinya aka yi ginin.

Tsohon ginin kuwa, matsalarsa motsi. Gadon asibiti mai taya ba ya juyawa a kan siraran matakalan, ƙofofi ba su da faɗi, babu lif. Shi ya sa bayan 1930, da aka rushe hukumomin kula da matalauta, da kuma 1948 da hukumar lafiya ta ƙasa ta karɓi gine-ginen, yawanci tsofaffi masu doguwar jinya aka bari a ciki, ko aka mayar da shi ofisoshi da ma'aji.

Injiniyan Gyara:
Ta fuskar gyara, ga inda ake samun ɓarna. Bangon jan bulo ne cikakke, babu rami a tsakiyarsa, an ɗaure shi da kwaɓin farar ƙasa da yashi. Irin wannan bango yana shan ruwan sama ya fitar da shi ta layin kwaɓin. Da aka riƙa cike layukan da siminti, sai ruwa ya rasa mafita, ya tsaya a cikin bulon, ƙanƙarar hunturu ta fasa fuskarsa. Maganinsa a ƙwaƙule simintin da hannu, zurfin ya kai ninki biyu na faɗin layin, a mayar da farar ƙasa, kashi 1 ga yashi kashi 3, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu na wasu kwanaki don kada ya bushe da sauri ya tsage. Injin yanka kuwa yana cin gefen bulo, a guje masa.

Rufin fale-falen dutse ne, kuma ƙusoshin ƙarfe ne ke fara mutuwa kafin dutsen. In ka ga fale-falen na zamewa nan da can, ƙusa ce ta yi tsatsa, sai a sauke a mayar da ƙusar tagulla. A duba indararo ma, domin nan ruwa ke shiga ya ruɓar da kan katakan da ke cikin bango. Toshe bututun hayaƙi da aka yi lokacin da aka kawo bututun ɗumama ɗaki shi ma ya rage iska ya ƙara danshi. Mafi haɗari shi ne asbesto, wani ma'adini mai tare zafi wanda ƙurarsa ke illa ga huhu, da aka naɗe bututun ruwan zafi da shi a zamanin asibiti. Sai a 1999 aka haramta shi gaba ɗaya a Birtaniya, don haka ba a fasa komai sai an yi binciken sa.

Maizanen Gini:
Malam, don gwaji ka ɗauki guda biyu. Gidan aikin matalauta na garin Southwell da aka gina a 1824 yana nan kusan yadda yake, a hannun National Trust, ƙungiyar da ke adana wuraren tarihi, za ka ga rabon farfajiyoyi sarai. Sannan ka duba asibitin St James a Leeds, inda tsohon gidan matalautan yanzu shi ne gidan tarihin likitanci na Thackray, gine-ginen asibitin kuma sun kewaye shi. Ka jera tsohuwar taswirar wurin da ta yanzu, ka yi wa kowane ƙari launinsa.