Me za mu kira lambar da ba ta rabuwa?

Mai Alli: Salamu alaikum malamai. Gobe da safe za a naɗi shirin lissafi na rediyo a kan 2,147,483,647, lambar da babu mai raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Ana samunta in an jera 2 sau 31 an ninninka, aka ɗebe 1. Masanin lissafi Euler ya tabbatar da haka a 1772. Turawa na ce wa irinta firaim. Mu fa?

Uwar Lissafi: Wa'alaikumus salam. Kada dai a ce mara, wato wadda 2 ba ta raba ta ba saura. 2047 mara ce, amma 23 sau 89 ce. Ita kuwa 2 cika ce, kuma firaim ce.

Ɗan Nahawu: Lamba tilo. Gajere, ga daɗin faɗa.

Uwar Lissafi: Malam, duk yaron da ya ji tilo 1 zai kawo, alhali 1 ba ta cikin sahun. Sharaɗin shi ne masu raba ta su zama biyu cif. Na 1 ɗaya ne.

Alaramma: Larabawa sun gama wannan tuni: adadi awwali.

Ɗan Nahawu: Mu gudu daga aron Bature mu faɗa aron Balarabe? Hausa ba ta talauce ba.

Alaramma: To ka mayar musu da ishirin da talatin da hamsin, har da lissafin kansa.

Ɗan Nahawu: Waɗannan sun zama 'yan gida. Tilo dai.

Mai Alli: Don Allah a dawo kan magana, lokaci na tafiya.

Uwar Lissafi: Gagara-rabo. Sunan ma ya faɗi yadda ake gwajin: a yi ta raba ta da 2, 3, 5, 7, 11, a ga ko za a tashi ba saura. Kuma a gaya wa masu sauraro ba sai an ƙure ba. A wannan lambar 46,340 ce iyaka, don 46,341 sau kanta ta zarce ta. Kuskuren da ake yi shi ne tsayawa da wuri: 1,000,001 za ta tsallake duk gwaji har 100, sai 101 ta raba ta, a sami 9,901.

Alaramma: Rabo kuma? Za a ɗauka marar sa'a ake nufi.

Uwar Lissafi: A darasin lissafi? Haba Alaramma. Kishiyarta kuma mai rabuwa.

Mai Alli: Na ɗauki gagara-rabo da mai rabuwa. Saura irin su 33,550,336, wadda in aka tara masu raba ta, ban da ita kanta, ita za a sake samu. Cikakkiya za ta rikice da cika.

Alaramma: Kamila.

Ɗan Nahawu: Larabci kuma! Gagara-rabo na bari saboda gobe, amma a allona tilo zan rubuta.