Tambaya: in haɗarin nukiliya ya faru ƙasar ƙanƙara, ya suke yi?

Ɗan Gusau:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya da dare muna zaune teburin mai shayi, hunturu ya matsa kowa ya duƙunƙune cikin bargo, sai gardama ta kaure tsakanina da wani abokina, wai shi can ƙuryar arewacin duniya inda ƙanƙara ta rufe komai ko nukiliya ta ɓare ba matsala, tunda ba mutane kuma sanyi na kashe dafin. Ni dai hankalina bai kama ba. Masana don Allah ku raba mu.

Malamin Kimiyya, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena ka gaya ma abokinka tururin nukiliya ba ƙwayar cuta ba ne balle sanyi ya kashe shi, lokaci kaɗai ke rage mai ƙarfi. Kuma ai abin ya taɓa faruwa. Janairun 1968 jirgin yaƙin Amurka B-52 ɗauke da bama-baman nukiliya 4 ya faɗi bisa ƙanƙarar teku kusa da sansanin sojan Amurka na Tule a tsibirin Girinlan, Allah ya kiyaye ba su yi babbar fashewar ba amma sun tarwatse, burbushin filutoniyam, ƙarfen nukiliyar da ke cikin bama-baman, ya watsu. To lokacin nan rana ma ba ta fitowa can, dare da rana duhu, sanyi ya kai 40 ƙasa da sifili, batirin na'urar awon tururin sai ya riƙa mutuwa a hannu, ba hanyar mota sai da 'yan ƙasar sunka taimaka da kekensu da karnuka ke ja. Haka anka kankare ƙanƙarar da ta gurɓata anka ɗura tankuna, ana sauri kada zafi ya zo ta narke ta tafi da dafin cikin teku, daga baya anka kwashe a jirgin ruwa zuwa Amurka. A 1978 kuma tauraron ɗan adam na Sobiyet, Kosmos 954, mai injin nukiliya ya tarwatse bisa arewacin Kanada, anka yi watanni ana tsintar gutsattsarinsa.

'Yar Anka:
Malam wallahi ka tuna min gubar dalma ta 2010. Mu ma haka anka kankare ƙasar tsakar gida anka zubo sabuwa, ana rige-rige da damina. Yara sama da 400, Allah ya jiƙansu. Na san dalma daban nukiliya daban, amma dai abin da ido bai gani, hanci bai ji.

Likitan Dabbobi, Argungu:
Amin Hajiya. Maganar ba mutane ce ta ba ni dariya. Akwai makiyaya can, ƙabilar Sami ta Nowe da Suwidin, wata irin barewa suke kiwo kamar yadda Bafillace ke riƙe shanunsa. Da tashar nukiliya ta Chernobil can Yukren ta fashe a Afrilun 1986 iska ta ɗauko wani dafin nukiliya da ake ce ma siziyam, ruwan sama ya sauke shi bisa gansakukar da dabbobin ke ci, ita ko gansakuka tsotse shi take kamar soso, nama tuli anka zubar, kuma siziyam sai ya shekara 30 kafin rabinsa ya tafi. A Nowe har wani shuɗin magani suke sa ma dabbobi cikin gishirin lasa, kamar yadda muke ba shanu kanwa, shi ke kama dafin a hanji ya fita da kashi.

Mutum kuwa a shige ɗaki a rufe, a tuɓe kayan sama a ƙulle cikin leda, a yi wanka da sabulu. Nan ma sanyi ya ɓata lissafi, wa zai tuɓe mutum a fili ya watsa mai ruwa a sanyin nan? Sai an kafa tanti mai ɗumi tukun. Ƙwayar aidin da ake rabawa in irin haɗarin nan ya faru wuya kaɗai take karewa, wurin da maƙoƙo ke fitowa, ba maganin komai da komai ba ce.

Ɗan Gusau:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Yau shi zai biya kuɗin shayi da ƙwai, bari magariba ta yi.