Neman kalma: me za mu kira "reasonable accommodation" kafin shirin gobe?

Mai Shiri: Assalamu alaikum jama'a. Gobe 3 ga Disamba, ranar masu buƙata ta musamman ta duniya, kuma ƙarfe bakwai na safe zan shiga situdiyo. Rahoton nawa kan wata shari'a ce daga ƙasar Denmak. Mata biyu aka sallama daga aiki, ɗaya mai ciwon baya da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ɗaya kuma ta samu rauni a wuya a haɗarin mota. Dokar ƙasar ta ba mai kamfani damar sallamar ma'aikaci da notis na wata ɗaya kacal idan ya yi kwana 120 yana jinya cikin wata 12. A 2013 kotun Tarayyar Turai ta ce ciwon da ya daɗe yana tauye mutum a wurin aiki yana iya shiga layin nakasa, kuma ba a sallamar mutum ta wannan hanya idan fashin nasa ya samo asali ne daga ƙin yi masa "reasonable accommodation". Ita ce ta tsaya mini a wuya. Na'urar fassara ta ba ni "masauki mai ma'ana".

Uwar Biyu: Masauki! To a nema musu ɗaki ciki da falo mana. Ka ce sassauci kawai, kowa ya sani.

Ɗan Maraɗi: Mu a nan "aménagement raisonnable" ake rubutawa, kuma gyara ake nufi. Ni zan ce "gyaran wurin aiki".

Barista: Ya fi wuri faɗi. A wannan hukuncin ma kotu ta ce rage wa mutum awannin aiki yana cikinsa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010, sashe na 2 ya ce duk wani sauyi ne da ya dace da halin mutumin, muddin bai ɗora wa mai yin sa nauyin da ya wuce kima ba. Abu biyu ke nan: dole ne a yi, amma yana da iyaka. Kalmar da za a zaɓa sai ta ɗauki biyun.

Alaramma: Ai fiƙihu ya riga ya gama wannan. Rukhsa. Mara lafiya ya yi taimama, matafiyi ya yi ƙasaru. Malamai suna cewa rangwame.

Uwar Biyu: Allah gafarta Malam, in ya ce rangwame a rediyo, mutanen Kantin Kwari za su zata ragin kuɗin atamfa ne.

Malamin Hausa: Duk kun tsaya kame-kame. Hausa tana da hanyarta ta haifar da suna, aikatau da karɓau a harɗe, irin su hana-salla da gyara-kayanka. Ina ba ku gyara-gurbi. Gurbin aikin mutum ake gyarawa ya zauna daram. Gaɓa huɗu, ba Larabci, ba Turanci. Mai Shiri, ɗauki ka tafi.

Ɗan Maraɗi: Gurbi? Malam, mu a ƙauyenmu kaza ke da gurbi.

Malamin Hausa: Da aka ce "cike gurbi" a jarida, kaza ake nema? Wannan ita ce matsalarmu. Kalmar Bature ko ba ta da daɗi sai a haɗiye ta, tamu kuwa sai an yi mata dariya. Su wa suka zaɓi kwamfuta suka bar na'ura mai ƙwaƙwalwa?

Barista: Mutane ne, Malam, don ta fi gajarta. Me zai hana daidaitawa?

Uwar Biyu: A Kano? Da ka ce daidaita, Keke Napep mutum zai hango.

Mai Sikila: Ina ta karantawa na yi shiru, amma bari in sa baki tunda da mu ake. Ni an taɓa sallama ta. Teburina yana ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, iskar tana sauka a kafaɗata tun safe har la'asar, kuma duk mai sikila ya san abin da sanyi ke yi wa ƙashi. Na roƙi a mayar da ni kusa da taga, ga tebur nan babu kowa a kai sai tarin fayil da wata tsohuwar firinta. Manaja ya ce zai duba. Hunturu ya shigo, na kwanta asibiti, na dawo, na sake kwanciya. Takardar da aka miƙo mini ba ta ambaci ciwo ba ko sau ɗaya, "yawan fashin aiki" aka rubuta. Da na je ɗaukar kayana yake ce mini ai an yi mini sassauci da yawa. Shi ya sa ba na son kalmar nan, Anti, kuma ba na son rangwame. Duk kalmar da za ta sa in ce na gode bayan an yi mini, ba ita ba ce. Sassauci alfarma ce, mai yi yana iya fasawa ran da ya ga dama. Ita kuwa wannan, rashin yin ta shi ne laifin.

Uwar Biyu: Allah ya ƙara lafiya ƙanwata. Na janye sassauci.

Barista: Abin da ta faɗa shi ne ainihin hukuncin Denmak ɗin. Kwanakin da teburin ya jawo, bai kamata a lissafa mata su ba. Mai Shiri, in za ka kawo zancen gida, Dokar Ƙwadago sashe na 16 kwana 12 na aiki kawai ta tanada a shekara na jinya da albashi, da takardar likita. Dokar hana wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ɗauka daban, riƙe mutum bayan ya fara kwanciya daban. A nan rigimar take, kuma Kotun Ma'aikata ake kai ta.

Malamin Hausa: Kun ji shi da bakinsa, "guraben aiki". Jam'in gurbi ke nan. Na gode Barista.

Alaramma: A gyara mini abu ɗaya. Barista ya ce "masu nakasa", Mai Shiri ya ce "masu buƙata ta musamman". Wanne ne?

Malamin Hausa: Nakasassu. Kalma ɗaya, tsaf. Waccan doguwar riga ce aka ɗinko daga Turanci. Wane ne ba shi da buƙata ta musamman? Ni ma ina da ita, ƙarin albashi.

Ɗan Maraɗi: Ku dai 'yan Najeriya kowace shekara sai kun sauya wa mutane suna, kuma ku ce taku ce daidaitacciya. Rediyonmu ba ya jiran izinin Kano.

Uwar Biyu: To fa, an taɓo Kano. Littattafan da kuke karantawa a ina aka buga su?

Ɗan Maraɗi: A Zariya, Hajiya.

Mai Sikila: Malam, "nakasasshe" ya mai da mutum gaba ɗayansa nakasa. "Mai nakasa" ya bar shi mutum da wani abu a tare da shi. Kai ne malamin nahawu, ka fi ni sanin aikin "mai".

Malamin Hausa: Wannan batu ne na wata rana.

Mai Shiri: Jama'a, sha ɗaya ta wuce kuma ban rubuta layi ɗaya ba. Ga abin da na tsinta: "sauƙaƙawar da doka ta wajabta wa mai aiki gwargwadon ikonsa". Zan faɗe ta cikakkiya a farko tare da misali, daga nan in riƙa cewa "haƙƙin sauƙaƙawa". Ƙanwata, ya yi?

Mai Sikila: Tunda haƙƙi ya shigo gaba, na yarda. Amma "gwargwadon ikonsa" ɗin nan, kowane manaja zai ce ba shi da iko.

Barista: Shi ya sa kotu ke aunawa, ba shi ba. Ka ƙara wannan a rahoton. Kuma ka lura, "mai aiki" yana iya zama ma'aikacin kansa. Ka ce "wanda ya ɗauke shi aiki".

Malamin Hausa: Wajabta Larabci, haƙƙi Larabci, ga jimla mai tsawon layin mai. Wannan bayani ne, ba suna ba ne. Ba zan hana ka ba tunda lokaci ya ƙure, amma ɗalibaina gyara-gurbi za su rubuta a jarrabawa.

Alaramma: Jarrabawa ma Larabci ce, Malam. Ɗalibai ma haka.

Ɗan Maraɗi: Kafin ka tafi, matan nan biyu "korar" su aka yi ko "sallamar" su? Don mu nan sallama da ɗan abin hannu take zuwa.

Mai Shiri: Sallama zan ce, tunda da notis. Wanda bai yarda ba ya kira layin shirin gobe, minti biyu kowa.