Wa ya taɓa hawa Dutsen Kamaru har ƙololuwa?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara huɗu ke nan ina kai albasa Duwala, bara wani abokin ciniki ya ja ni Limbe. Ina tsaye bakin teku, yashin wurin baƙi ƙirin kamar garin gawayi, na waiga sai ga dutse ya tokare sama, rabinsa ya shige gajimare. Tun ran nan abin bai bar raina ba. Shekaruna 46, iyakar hawana dutsen Kwatarkwashi. Ina son in taka kan dutsen nan kafin gwiwa ta gaza. Wane lokaci ya fi, kuma kwana nawa ake yi?

Malam na Gidan Igwai: Wa alaikumus salam Alhaji. Tsayinsa mita 4,040 ne, Chappal Waddi na Taraba da ya fi kowane dutse a Najeriya 2,419 ne kacal. Kuma dutse ne mai aman wuta, ya yi a 1999 da 2000. Baƙin yashin da ka gani narkakken dutse ne da teku ya niƙe. Kada ka kusance shi da damina. A gefensa akwai Debundscha, inda ruwan shekara ke kai milimita 10,000, mu nan Sakkwato da ƙyar muke ganin 700. Ka nufi Disamba zuwa Fabrairu.

Baban Nana: Yaya, ni na hau, daga Buea, garin da ke gindin dutsen, muka tashi, kwana uku. Sai da ɗan jagora, kuma kada ka yi ƙyashin biyan mai ɗaukar kaya. Farko kurmi ne, gumi sharkaf, saiwoyi suna harɗe ƙafa. Wajen mita 2,000 sai itace ya ƙare kwatsam, ka fito ciyawa da baƙaƙen duwatsu masu kaifi, sun cinye min tafin takalmi. Mun kwana a ta biyu cikin bukkokin da aka gina wa mahaya a kan hanya. Wallahi sanyin hunturunmu wasa ne. Na zuba ruwa a hannu zan yi alwalar asuba, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa, sai da jagoran ya ɗumama min a kan risho. Daga nan numfashi ke yin gajere, taku goma ka tsaya, kai na sarawa. Amma da gari ya waye muka ga gajimare shimfiɗe ƙarƙashinmu kamar an baje auduga, can gaba tsibirin Bioko ya leƙo daga teku. Na daɗe tsaye ina tasbihi. Ka riƙe rigar sanyi mai kauri, safar hannu, dabino da ƙuli-ƙuli, da ruwa isasshe, don can sama babu inda za ka ɗiba.

Hajiya ta Arkilla: Ɗana, ni tsaro ne damuwata. Yankin nan yana cikin rikici tun 2016, ranar Litinin ma ba a cika buɗe kasuwa ba. Ka tambayi Hausawan da ke zaune Buea kafin ka ɗaure kaya, kuma ka je a auna hawan jininka.

Ɗan Mabera: Na gode Hajiya, zan yi duka biyun in sha Allah. Baban Nana, wane irin takalmi ka sa? Kuma saukowa ta fi cin gwiwa ko hawa?