Wai wa ke da ikon ɗaukar ma'aikata a ƙaramar hukuma, kansila ko ciyaman?

Maman_Khairat:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin harkar ƙananan hukumomi ku fahimtar da ni. Ƙanwata ta gama makarantar koyon aikin lafiya, shekara da shekaru tana aikin sa-kai a asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu a nan Kano, ita ce awon masu ciki ita ce rigakafi, ba albashi sai ɗan abin da shugabar asibitin ta miƙa mata in an samu. Lokacin zaɓen Oktoban 2024 kansilanmu har tsakar gida ya shigo ya ce in ya ci an gama, za ta samu takardar ofa. To ya ci, yanzu kuma kullum maganarsa ɗaya, wai babu gurbi a bajet. Shin gaskiya yake faɗa ko yawo da hankali ne? Ba su ne ke zama su amince da bajet ɗin ba?

Tsohon_Akawu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na yi aiki a sashen ma'aikata na wata ƙaramar hukuma har na yi ritaya, kuma gaskiya kansilan nan ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa. Ma'aikatan ƙaramar hukuma kashi biyu ne. Daga matakin albashi na 1 zuwa na 6, irin su masinja, direba, mai gadi, leburan shara, waɗannan a ƙa'ida kwamitin ƙananan ma'aikata na cikin sakatariya ne ke ɗauka, DPM, wato daraktan kula da ma'aikata, na ciki. Daga mataki na 7 zuwa sama kuwa ko ciyaman bai isa ba, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke ɗauka, ita ke ƙarin girma ita ke canjin wurin aiki, shi ya sa za ki ga ma'ajin da ke nan bana baɗi an cilla shi wata ƙaramar hukumar. Ita kuma ƙanwarki ma'aikaciyar lafiya ce, to su hukumar lafiya matakin farko ta jiha ce ke da fayil ɗinsu, kamar yadda malaman firamare ke ƙarƙashin SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, duk da dai daga kason ƙaramar hukuma ake yankar albashinsu.

Bajet kuma ga yadda yake tafiya, kowane shugaban sashe, ayyuka, noma, lafiya da sauransu, zai rubuto buƙatunsa na shekara, a haɗa, ciyaman ya gabatar wa majalisar kansiloli su amince, amma ba a nan ta tsaya ba dole ya bi ta ma'aikatar ƙananan hukumomi, a Kano har majalisar dokokin jiha ake zuwa a kare shi. In ba a sa sabon gurbi a lissafin albashi tun daga farko ba, ko kansila ya yi ta buga tebur a zauren majalisa ba za a biya mutum ba.

Sani Kurna:
Baba Akawu ka faɗi ƙa'ida amma wallahi a aikace ba haka ake ba. In gwamnati ta buɗe ɗaukar aiki ai raba gurabe ake yi, ciyaman da nasa, kansila a ba shi ɗaya ko biyu, shugaban jam'iyya da nasa. Kansiloli 484 ne fa a ƙananan hukumomi 44 na Kano kuma kowanne ya yi wa rabin mazaɓarsa alkawari, to ina za a kai su. Hajiya in an ba shi gurbi ɗaya kina ganin ƙanwarki zai ba ko ɗan yayansa?

Tsohon_Akawu:
Sani ban musa maka ba, na ga jerin sunaye da aka kawo a aljihun babbar riga da idona. Amma maganar babu kuɗi ma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Kason ƙananan hukumomi 774 daga asusun tarayya kashi 20.6 cikin ɗari ne, kuma tun tsarin mulkin 1999 ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake biyowa, a nan ake cire albashin malamai, na ma'aikatan lafiya, fansho, kason masarauta, kafin ragowar ta iso sakatariya. Ga mafi ƙarancin albashi ya koma naira 71,000 a Kano, wato ko mutum ɗaya ba a ƙara ba lissafin albashi ya kumbura. Kuɗin shiga na cikin gida kuma, rasit ɗin kasuwa da tasha da mayanka, in ka cire irin ƙananan hukumomin cikin birni masu manyan kasuwanni sauran abin da suke tarawa bai taka kara ya karya ba.

Ummi Fagge:
To ina hukuncin kotun ƙoli na 11 ga Yuli 2024 da ya ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye? Mu dai murna muka yi ta yi a rediyo sannan aka shiga jan ƙafa. Kuma ni tsorona ko an sakar musu ɗin, wasu ciyamomin za su naɗa masu ba da shawara guda hamsin alhali asibitin unguwa ma'aikaciya ɗaya ce ke kwana. Maman Khairat shawarata ku bar zaryar gidan kansila, ƙanwarki ta sa shugabar asibitin ta rubuta mata takardar shaidar tana sa-kai da ranar da ta fara, a sa hannu a buga hatimi, ta kai kwafi ofishin kodinetan lafiya na ƙaramar hukumar, lasisinta kuma kar ta bari ya mutu. In hukumar jiha ta tashi ɗauka takardu za a tambaya a wajen tantancewa.

Maman_Khairat:
Allah ya saka da alheri, Baba Akawu na gode ƙwarai. Lasisin ma ina jin tun bara ya ƙare, bari in kira ta yanzu in ji.