Aikin sa-kai na wata 6 a dajin Gashaka, in tafi ko in zauna a shagon kawu?

Ɗan Jalingo: Slm 'yan uwa. Shawara nake nema dan Allah, amma daga wanda ya taɓa yi. Gandun daji na karanta, na gama bautar ƙasa, yanzu ina tsaron shagon kawuna yana ba ni dubu 35 a wata. To wata ƙungiya ta kira ni aikin sa-kai wata 6 a gandun dajin Gashaka-Gumti, ɓangaren Taraba, ba albashi, abinci ne da wurin kwana da ɗan na sabulu. Kawu ya ce in na tafi zai sa wani yaro a shagon kuma ba zai sallame shi don na dawo ba. Ya rayuwar can take, me zan riƙe, nawa ne mota yanzu daga Jalingo zuwa Serti, garin da ofishin gandun yake, kuma akwai sabis? Don Hajiyarmu in ta kwana biyu ba ta ji muryata ba jininta hawa yake.

Sarkin Yawo: Ka tafi kawai malam, daji akwai daɗi. Mun je Yankari da sallah, ruwan Wikki ɗumi kamar an dafa maka, ga wuta ga sabis ga wurin cin abinci. Birai ne kawai matsala, sun sace min burodi.

Uwar Biyu: Kai da ka je wanka kake ba wanda zai je aiki shawara? Yankari a Bauchi take, shi Taraba ya ce.

Ɗan Birnin Gwari: Ni dai duk wanda ya ce min daji yanzu sai in ce Allah ya kiyaye hanya. Ga Kamuku nan a bayan gidanmu, wa ke shiga?

Ƙanwar Maza: Na yi a ɓangaren Serti, ka saurare ni. Ana idar da asuba za ku fita, kuma tafiyar ƙafa ce ba wasa ba, hawa da gangara, don wurin duwatsu ne, can Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419. Aikinmu canza batir da katin kyamarorin da aka ɗaura a bishiyoyi, rubuta sawu da kashin dabba a takarda, in an ga tarkon waya a kwance shi. Wata ranar kuma makarantun ƙauye za a tura ka ka yi wa yara bayani. Bindiga ba taka ba ce, ta jami'an sintiri ce, kai biro da littafi. Kar ka sa rai za ka riƙa ganin chimpanzee kullum, yawanci sheƙar da suka kwana a sama za ka gani ko ka jiyo ihunsu daga nesa. Ɓauna da gwaggon biri kam za ka gani har ka gaji. Abinci shinkafa da wake, gobe wake da shinkafa. Sabis akwai a cikin Serti, in kun nutsa ciki sai an hau tudu ana ɗaga waya sama. Ka riƙe gidan sauro, maganin maleriya, tocila, safa da yawa, da riga mai dogon hannu wadda ba baƙa ba ba shuɗiya ba saboda tsando, kalar da yake bi kenan. In kana jin Fulatanci ka huta, in ba ka ji fara koya tun yau. Mota na biya dubu 8.

Direban Gembu: Dubu 8 a wace shekara Hajiya? Ko Bali ba za ta kai shi ba. Ka tanadi dubu 15, in da kaya ka ƙara.

Sarkin Yawo: Wani abokina dubu 11 ya biya.

Direban Gembu: A but aka sa shi kenan.

Mai Tabo: Ƙanina kar ka je. Ni na yi irin wannan a wani dajin da wata ƙungiyar, ba zan kama suna ba. Haka suka ce min, abinci da wurin kwana, in ka yi ƙoƙari za mu ɗauke ka. Da damina muna tsallake rafi santsi ya kwashe ni ƙafata ta karye, a kan mashin aka fito da ni ina ihu har bakin titi, kuma wlh tun daga hoton ƙafa har ɗori mahaifina ne ya sayar da buhunan masararsa ya biya, su abin da suka turo min kawai saƙon Allah ya ƙara sauƙi. Da na warke na koma neman takardar shaida aka ce wanda zai sa hannu ya yi tafiya, ranar da ta fito kuma sunana ma ba daidai aka rubuta ba. Bayan nan na ga hotona a rahotonsu ina murmushi riƙe da dashe. Aikin da aka ce za a ba mu ɗan 'yar uwar wani babba aka ba, yaron da ko kaska bai taɓa cirewa a jikinsa ba. Har yau in sanyi ya shigo ƙafar nan sai ta tuna min.

Uwar Biyu: Innalillahi. Allah ya saka maka.

Ƙanwar Maza: Allah ya ƙara lafiya Yaya, amma ai ba wuri ɗaya ba ne. Shi dai ya ce su rubuta masa a takarda wa zai biya in ya ji ciwo.

Mai Tabo: Takarda? Ni ma ina da takarda. Tana cikin akwati.

Tsohon Malamin Daji: Yara ku bi a hankali. Na yi aikin daji tun kafin a haɗa Gashaka da Gumti a mai da su gandun ƙasa a 1991. Abin da ba wanda ya tambayi yaron nan shi ne wane wata zai fara. In rani ne, aikin gobara zai tarar, share layin wuta da ƙona ciyawa da wuri kafin ta bushe ƙarau. In damina ce, rafi na iya cika ya tsare ku a sansani abinci ya ƙare. Sannan mutanen da ke zaune a cikin gandun da shanunsu sun riga dokar zuwa wurin, ka gaishe su da ladabi, kar ka je musu da girman kan satifiket.

Sarkin Yawo: Baba zamaninku daban ai, yanzu da jirgi mara matuƙi ake sintiri.

Tsohon Malamin Daji: Jirgin ne zai kwance tarkon waya? Kai da biri ya ƙwace wa burodi.

Ɗan Birnin Gwari: Hhhhh Baba ku yi masa afuwa.

Ɗan Jalingo: Na gode Baba, watan 11 suka ce. Takalmi fa, nawa zan samu mai kyau?

Ƙanwar Maza: Gwanjo dubu 9, ka ɗauki wanda ya ɗan fi ƙafarka.

Mai Tabo: Na gwanjon ne ya kayar da ni. Ƙasa da dubu 30 ba takalmi ba ne. Kusan albashinka na shago kenan, ka yi lissafi.

Direban Gembu: Ni abin da ke ba ni haushi, a sa yaro ya yi wata 6 yana gadin bishiya kyauta, alhali da idona na ga shekarun da tireloli ke fita da madobiya daga Taraba dare da rana, itacen da suke kira madrid, ana kai wa 'yan Chana. Wa ya tsare su? A kowane shinge miƙa hannu kawai ake.

Uwar Biyu: Bar ta madrid, gawayi fa? Buhu dubu 7 na saya jiya, gas ya fi ƙarfinmu, sannan a ce mana kar a sare bishiya. Da me za mu dafa?

Sarkin Yawo: Dubu 7? A unguwarmu dubu 12 ne wlh. Ina kike saye Hajiya?

Uwar Biyu: Ƙaramin buhu nake nufi, kuma rabinsa gari ne da ƙasa.

Ɗan Jalingo: Jama'a maganar shagon kawu fa?

Direban Gembu: Shagon naku ana sayar da gawayi?